Wayoyin Ƙasan Garejin Baba

Wani saurayi ya yi sallama a bakin garejin, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ta biyun ta sarƙe da waya, sai ga shi durƙushe cikin garin katako, jakar kayan aikinsa ta zube. Injin goge katako ya ɗauke tsit. Auta, wadda ke zaune kan 'yar kujera a lungu, ta ga fulogin ya fizge daga bango ya bi ƙasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta dai rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Wa ya cire min wuta?" in ji mahaifinta, ko juyowa bai yi ba.

Saurayin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya gaida dattijon da ladabi, ya ce shi mai gyaran wuta ne, yana aiki a gidan da ke kallonsu, guntun katako yake nema da zai kafa mita a kai. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma sai ya dubi ƙasa, ya ga wayoyi sun ratsa garejin ta ko'ina, wata kan wata, duk an nannaɗe su da tsohuwar roba, ya ce, "Baba, wayoyin nan za su ci rai wata rana."

Kafinta, mahaifin Auta, ya amsa masa cewa wayoyin suna nan tun kafin a yaye shi, kuma ba su taɓa kayar da mai kallon inda yake takawa ba. Ya ce wa 'yarsa ta ba shi katakon ya kama gabansa.

Da ta miƙa masa, ya rage murya ya tambaye ta aikin me take yi a lungun can.

"Ni ce makunni," ta ce.

Ya ɗauka wasa take yi. Ba wasa ba ne.

Soket ɗaya tak garejin yake da shi, can ƙasa a lungu, bayan tarin katako. Ba ya ɗaukar inji biyu lokaci guda. In an matsa masa sai ya yi zafi, wutar gidan ta ɗauke. Makunnan injinan kuwa sun daɗe da mutuwa, Kafinta ya haɗe wayoyinsu kai tsaye. Saboda haka in an sa fulogi inji ya tashi, in an cire ya tsaya. Wani ne zai zauna a lungun yana sawa yana cirewa, kuma wannan wanin ita ce Auta.

"Auta, goge." Ta sa na injin gogewa.

"Auta, cire. Huda." Ta cire, ta sa na injin huda.

"Auta, gam." Ta sa na 'yar tukunyar da ke narka gam.

Haka tun safe har rana ta yi sanyi. In za a yanka katako ita take tashi ta yanka, domin Baba ya daina taɓa zarto. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta mata suna gidajen mazansu a nesa, yayanta namiji ya bi tuƙin mota sai an ga dama ake jin muryarsa. Ƙawayenta suna wucewa ta bakin garejin, wata za ta makaranta, wata za ta wurin aiki, wata da goyo. Su ɗaga mata hannu, ta ɗaga musu hannun da ba ya riƙe da fulogi.

Mutanen layi suna cewa Kafinta mutum ne mai taurin kai, ya ƙi gyara wutarsa ya mai da 'yarsa baiwar soket. Rabin gaskiya suka sani. Idon Kafinta ne yake tafiya. Likita ya gaya musu irin ciwon da ba ya dawowa ne, magani sai dai ya rage masa gudu. A hanyar dawowa daga asibiti ya riƙe wuyan hannun 'yarsa ya sa ta yi rantsuwa ba za ta gaya wa kowa ba, domin a cewarsa ba mai kawo wa makaho aikin kujera. Sau ɗaya ya lalubi ramin soket da yatsa, wuta ta yar da shi kan katako. Tun daga ranar Auta ta ɗauko 'yar kujerar nan ta zauna, ba ta sake tashi ba.

Iyaye da yawa ba da mugunta suke ɗaure 'ya'yansu ba, da tsoro suke yi. Kuma irin wannan ɗaurin ya fi wuya, domin wanda aka ɗaure ba shi da wanda zai yi fushi da shi.

Lambar wayarta ce a jikin allon da ke ƙofar garejin, tun da ita take amsa kiran masu kawo aiki. Washegari da hantsi saƙo ya shigo.

"Makunni, kin tashi lafiya? Gwiwata ta warke, amma tun da na faɗi a garejinku wani abu a ƙirjina ya ƙi komawa daidai. Na gwada da abin gwajin wuta, ya ce laifinki ne."

Ta karanta, ta kife wayar a cinya. Baba ya ce huda, ta sa huda. Sannan ta rubuta:

"Mai Wuta, abin gwajinka ya lalace. Ka dinga kallon ƙasa in kana tafiya."

"Na daina kallon ƙasa. Lungu nake kallo yanzu."

Daga nan ya fara zuwa. In ya tashi aiki da yamma sai ya zo ya gaida Baba, Baba ya amsa da hanci, shi kuma ya tsuguna kusa da tarin katako, daidai inda zai iya ganin rabin fuskarta. Hirarsu ba ta taɓa yin tsawo ba. Yana cikin ba ta labarin yadda ya taɓa hawa tsani ya manta ya saka takalmi wari da wari, sai a ce, "Auta, cire." Tana cikin gaya masa ta so ta koyi aikin jinya, sai a ce, "Auta, gam." Ya koyi riƙe magana a baki har inji ya tsaya, ita kuma ta koyi dariya ba sauti.

Wata rana ya tambaye ta yaushe rabonta da ta fita ta yi nisa da gida.

Ta yi tunani, ta ce asibiti.

Da ya tafi sai ga saƙo:

"Fitilata, akwai wurare a garin nan da ba su da garin katako. Ina so in nuna miki su, kina matata. Ki ba ni izini in turo manyana."

Ta karanta, ta amsa.

"Ka turo zuciyarka tukuna wurin Baba. In ta dawo da rai sai ka turo manya."

Ya je kuwa. Ya durƙusa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kafinta ya saurara har ƙarshe, yana shafa ƙafar kujera da tafin hannu, sannan ya ce yaron da zai shigo gidan mutum ya fara da kushe wayarsa, in aka ba shi 'ya sai ya kushe tarbiyyarta. Ya ce Auta ba ta isa aure ba. Ya ce kuma a sa masa goge.

Auta ta sa goge. Ƙarar injin ta rufe duk abin da ya rage.

Ta san ba wayar ba ce. Ta san abin da mahaifinta yake gani a cikin duhun da ke rufe shi: lungu ba kowa, shi a tsaye da katako a hannu, yana kira ba mai amsawa. Amma ta yi rantsuwa. Da Mai Wuta ya tambaye ta me ya yi wa Baba da zafi haka, cewa ta yi halinsa ne.

Akwai kuma wani mai son ta, saurayin da ke kawo musu katako a motarsa. Mai Katako mutum ne mai fara'a da yawan magana, kuma ya samu shiga wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda take zuwa ta duba su lokaci lokaci. Gwaggo ta zaunar da Auta ta ce mata wannan shi ne mijin rufin asiri: ya ce zai kama gida a nan layin, kuma bai hana ta zuwa gareji kullum ba, daga safe har yamma, yadda ta saba.

"Yadda na saba," Auta ta maimaita.

"To me kike so, 'yar nan? Ki bar ubanki wa?"

Ta koma lungu.

Sai aka yi rasuwa a dangi, a wani gari, Gwaggo ta zo ta tafi da Baba ta'aziyya, za su kwana biyu. Ranar da suka tafi garejin ya yi shiru, Auta ta zauna kan kujerarta don ba ta san inda za ta zauna ba in ba nan ba. Ta dubi soket ɗin, ta dubi teburin aiki, wani tunani ya zo mata. In da makunnan suna bakin tebur, daidai hannun Baba, ai dannawa kawai zai yi. Ba laluben rami, ba kira. Ba sai ta karya rantsuwa ba, ba sai ta bar shi cikin haɗari ba.

Ta rubuta: "Mai Wuta, Baba ya yi tafiya. In na ba ka makullin gareji, za ka iya sa kowane inji ya samu makunninsa a bakin tebur?"

"Fitilata, tun ranar da na faɗi nake zana garejin nan a kaina. Ina zuwa."

Ya zo da tsani da ƙullin sabuwar waya. Ta bar masa ƙofa a buɗe, ita tana daga bakin ƙofar cikin gida tana miƙo masa ruwa. Ya ja layi mai ƙarfi daga mita, ya sa akwatin da zai yanke wuta da kansa in an samu matsala, ya bi bango da bututu ya ɓoye waya a ciki. Ya kafa soket-soket a bayan tebur, ya jera makunnai farare a gabansa, duk iri ɗaya, sumul, ya rubuta sunan kowane inji a ƙarƙashi da rubutu mai kyau. Tsofaffin wayoyin ƙasa kuwa ya nuna mata inda suka ƙone, ya daddatse su ya zuba a buhu, mai shara ya tafi da su. Ya share ƙasan tas.

Da ta ga rubutun nan gabanta ya faɗi kaɗan. Amma ta ce a ranta ai za ta jera wa Baba su a ka, na farko goge, na biyu huda, zai riƙe. Mai son fita ba ya tsayawa ya ƙare tunani.

"Yanzu ko yaro ya shigo da gudu ba abin da zai kayar da shi," in ji Mai Wuta, yana goge hannu. "Ke kuma an sallame ki daga aiki, Makunni."

Ta yi dariya, da sauti wannan karon.

Baba ya dawo da la'asar. Mai Wuta yana tsaye a gefe da rigarsa mai kyau, Mai Katako ma ya zo sauke kaya, Gwaggo tana biye da jaka. Auta ta tari mahaifinta ta ce akwai abin da za ta nuna masa.

Kafinta ya tsaya a bakin garejin ya cire takalmi, kamar yadda yake yi kullum. Ya miƙa ƙafar dama gaba, yana shafa ƙasa da yatsun ƙafa. Ya matsar da ita hagu. Ya matsar da ita dama. Siminti ne kawai, mai sanyi, ba komai a kai.

A nan Auta ta gane, kuma ta makara.

Tana zaune a lungu duk shekarun nan idonta a kan soket, ba ta taɓa kallon ƙafarsa ba. Ba don zafi yake cire takalmi ba. Wayoyin nan da kowa yake zagi su ne hanyarsa. Mai kauri tana kai shi tebur. Siririya tana kai shi wurin gam. Wadda aka ɗaure da roba a tsakiya tana gaya masa ya kauce, zarto yana nan. Da tafin ƙafa yake ganin garejinsa, su kuma sun share masa shi.

Da ba kowa a wurin da ya kira ta ta kama hannunsa. Amma akwai mutane. Ya ɗaga kai ya taka kamar mai gani, taku uku, ya bugi kusurwar tebur da ƙugu, gwangwanin ƙusa ya kife, ƙusoshi suka watse a ƙasa. Ya dafa teburin. Hannunsa ya faɗa kan makunnan nan sumul, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, duk ɗaya suke.

"Wa ya yi wannan?" ya ce, a hankali.

Mai Wuta ya matso da murna a muryarsa ya ce shi ne, ya fara bayani, ya ce Baba ya duba ma ya rubuta sunan kowanne.

"Ka rubuta," in ji Kafinta. "Sannu da ƙoƙari. Fita. Kada in sake jin ƙafarka a ƙofar nan."

Saurayin ya dubi Auta, yana jiran ta ce wani abu. Rantsuwa ta ɗaure mata baki. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Saƙonsa ya zo kafin magariba.

"Na yi aikin nan da zuciya ɗaya. In akwai kuskure a ciki ki gaya min in gyara. Kin tsaya kina kallona ana korata. Me na yi?"

Ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Duk amsar gaskiya sai ta bi ta kan idon Baba. A ƙarshe ta tura: "Ba laifinka ba ne. Ka yi haƙuri."

"Wannan ba amsa ba ce, Fitilata."

Ta kife wayar.

Kafinta bai koma garejin ba. Ya sa aka ajiye masa kujera a bayan ƙofar da ta haɗa gida da gareji, ya zauna, hannuwansa a cinya. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ta ce za ta nemo wasu wayoyi ta shimfiɗa masa, ya ce ta bari, ba ta san inda kowace take kwance ba, shi ma da ƙafa ya sani, ba da baki ba. Aikin mutane kuwa yana nan jibge. Sai ya zama ita ce mai yanka, ita ce mai gogewa, ita ce mai haɗawa, ta kai masa ya shafa ya ce nan bai yi ba, ta koma. Da can lungu ne ya riƙe ta, yanzu garejin gaba ɗaya. Makunnan suna aiki lafiya ƙalau, tana danna su tana jin kamar ta fasa su.

Motar Mai Katako kuma kullum tana ƙofa. Mai Wuta ya wuce ta layin ya gani, ya sake wucewa ya gani. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne.

"Na ga motar. Da kin gaya min tun farko da ban dame ki ba. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ta karanta shi tsaye a bakin zarto, ta sa wayar a aljihu, ta ci gaba da yanka. Garin katako ya manne a inda hawaye ya bi.

Ranar da Gwaggo ta ce manyan Mai Katako suna shirin zuwa, shi da kansa ya shigo garejin ya jingina da tebur. Ya ce mata gara su yi magana ta gaskiya. Ya ce ya daɗe da sanin idon Baba ya tafi. Wanda yake miƙa wa mutum katako ya ga yana karɓa da lalube ai ba sai an gaya masa ba. Ya ce bai gaya wa kowa ba, kuma ba zai faɗa ba, in dai abu ya zama na gida.

"Ki duba da kyau," ya ce, yana murmushi. "Wane namiji ne zai yarda matarsa ta wuni a gareji in ba ni ba? Ba kya iya barinsa, ba kya iya faɗa. Ke fa ba ki da mafita."

Auta ta dubi hannuwanta.

"Haka ne," ta ce.

Da ya tafi ta ɗauki ƙafar kujera ta kai wa Baba ya shafa. Ta same shi a bayan ƙofa, inda yake kullum. Ta manta cewa wanda ido ya bari kunne yake kama shi. Bai karɓi katakon ba. Wuyan hannunta ya kama, daidai inda ya kama ranar asibiti.

"Na ji abin da ya ce," in ji shi. "Wannan bai dame ni ba, ɗan kasuwa ne, ya ga kaya ya taya. Amsarki ce ta dame ni."

"Baba…"

"Haka ne, kika ce. Ko gardama ba ki yi ba." "Na ɗauka asirina na ba ki ajiya. Ashe igiya na ba ki, har wani ya gani ya kama bakinta. Na sauke miki rantsuwar nan, Auta. Kira min yaron da na kora."

Ta ɗauko waya ta rubuta: "Mai Wuta, Baba yana kiranka. Ni ma ina kiranka. Motar nan katako take kawowa, ba abin da ta taɓa ɗauka a gidan nan."

Ya zo da safe, ba jaka, fuska ba walwala. Kafinta yana tsaye a bakin garejin, dafe da kafaɗar 'yarsa. Ya ce masa ya cire takalmi. Ya cire. Ya ce ya rufe ido, ya rufe da gaske, ya je ya kunna masa injin huda.

Saurayin ya taka a hankali, hannu a gaba. Ya bugi tebur. Ya lalubo makunnan, ya tsaya yana shafa su, ya danna ɗaya. Fankar garejin ce ta tashi, ba injin huda ba.

"To ka ga inda nake zaune," in ji Kafinta. "Kai za ka buɗe ido, ni ba na buɗewa."

Mai Wuta ya buɗe ido. Ya dubi dattijon, ya dubi ƙafafunsa marasa takalmi, ya dubi simintin da ya share da hannunsa. Sai ya durƙusa a wurin ya ce Baba ya yafe masa, ya gyara wa masu ido gareji, bai tambayi mai garejin ba.

"Ba ka tambaya ba, ni ma ban faɗa ba," in ji Kafinta. "Tashi. Wayarka ta fi tawa, wannan na sani tun ranar da ka faɗi. Amma ka kwashe min hanya. Yanzu za ka mayar min da ita."

Aikin ya ɗauke su kwanaki, kuma wannan karon su uku suka yi. Baba ya taka garejin da ƙafa, Auta tana riƙe da shi, yana cewa nan mai kauri ta bi, nan ta karkata. Ita ta yanko siraran katako masu faɗi, Baba ya goge gefensu har ba za su kayar da kowa ba, Mai Wuta ya kafe su a ƙasa. Mai santsi tana zuwa tebur. Mai tsaga-tsaga tana zuwa wurin gam. A gaban zarto suka sa mai kaushi, ta gicciye.

Makunnan kuma aka raba su, kowanne ya koma kusa da injinsa, daidai inda hannun Baba yake sauka in ya miƙa. Baba da kansa ya sassaƙa wa kowanne alama ya manna a sama: mai zagaye na gogewa, mai tsini na huda, mai rami na gam. Mai Wuta ya canja soket-soket ɗin zuwa masu murfi, waɗanda yatsa ba ya shiga. Duk wanda ya kafa sai ya rufe ido ya gwada da kansa kafin ya kira Baba. Auta ta ce masa in ya ci gaba haka zai saba, ya ce ba komai, ya riga ya haddace fuskar da yake son gani.

"Ina jinku," in ji Baba daga bakin tebur.

Zarto kaɗai aka sa wa makunni mai makulli. Kafinta ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, kuma ba zai ƙara yin ƙarya a kai ba. Auta ta ce za ta riƙa zuwa tana yanka masa na mako gaba ɗaya a safiya guda. Ya tambaye ta dole ce ko so. Ta ce so. Ya ce to in ta ga dama.

Masu kawo aiki ya gaya musu da bakinsa. Wasu suka ce sun daɗe da lura. Wata mata ta ce ita ba idonsa take zama a kai ba, kujerarsa take zama a kai. Mutum biyu sun janye aikinsu, ba a bi su ba. Aka aika wa Mai Katako cewa kada manyansa su wahala. Gwaggo ta yi fushi na kwana kaɗan, sannan ta zo ta taka katakon ƙasa da ƙafarta ta ce ita ma ya fi mata.

Manyan Mai Wuta suka zo, aka karɓe su. Aka ɗaura aure, yayyenta suka zo da 'ya'yansu, har yayanta mai tuƙi ya ajiye mota ya zo. Da za a tafi da ita, Baba ya ce a dakata. Ya cire takalmi ya shiga garejin shi kaɗai, ba mai riƙe da shi, ya bi hanyarsa har lungu, ya fito da 'yar kujerar nan. Ya goge ta, ya shafa mata mai, tana ƙyalli.

"Tafi da ita," ya ce. "Ba ta da aiki a nan. Ki sa ta inda akwai taga."

Ta rungume kujerar tana kuka. Ya dafa kanta, ya lalubo kan mijinta ya dafa, ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su 'ya'yan da za su ji ƙansu, Ya kuma hana su ɗora wa 'ya'yan abin da ya ɗora wa tasa. Aka amsa da amin.

Bayan kwana biyu, da hantsi, tana zaune kan kujerar a bakin tagar ɗakinta, wayarta ta yi ƙara. Baba ne, mijinta ya saita masa yadda dannawa ɗaya za ta kira ta. Ta ɗauka da sauri, ta ce, "Baba, lafiya?"

Ta ji takunsa a kan katako. Ta ji ɗan ƙas na makunni. Sai injin gogewa ya tashi, ya yi ta yi, sannan wani ƙas, ya tsaya.

"Kin ji?" in ji shi.

"Na ji, Baba."

"To shi ke nan. Gaida mijinki. Ina da aiki."